Masu zanen bango na Zango: awonsu ba magana, amma a sa ido kan bangon

Duk wanda ya taka cikin Birni, tsohuwar unguwar garin Damagaram, da ƙafa, ya tashi daga ƙofar fada ya bi lunguna, ya san Damagaram ba baƙuwar zanen bango ba ce. Fuskar tsofaffin zauruka cike take da dagi, da da'ira cikin da'ira, da alwatika a jere, wasu an tayar da su da laka, wasu an karce su tun yaɓe yana ɗanye. Abin da ya shigo daga baya shi ne samari masu ɗaukar wannan tsari su kai shi falo da shagon ɗinki da ofis, da fentin zamani, babu mutum, babu dabba, babu fure, sai siffa da launi kawai. Shagon da nake magana a kai yana unguwar Zango. Maigida ɗaya ne da yaransa, kuma aiki iri uku suke karɓa: zanen fenti a bangon siminti na cikin ɗaki, zane mai tudu a fuskar gida, da allunan katako na ratayawa.

A wajen awo da fitar da layi, da wuya a samu wanda ya fi su a garin nan. A wajen haɗa launi ma suna da ido, muddin aka bar su da launukan ƙasa. Rauninsu yana ga shirya bango kafin a fara zane, kuma wannan rauni ne da mai gida zai iya toshewa idan ya san abin da zai tambaya.

Mu fara da awon, don shi ne dukiyarsu. Ba sa ɗora buroshi sai sun zana aikin a takarda mai gidaje, kowane gida ɗaya a takarda yana tsaye a madadin santimetir 10 ko 20 a bango. Sannan ba sa yarda da kusurwar ɗaki. Suna da gaskiya, don a ɗakuna goma da ƙyar a samu ɗaya da kusurwarsa ta tsaya daidai, kuma daɓe kusan kullum yana da gangare. Wanda ya ɗauki layinsa daga daɓe, zanensa zai karkace tare da daɓen. Su kan fitar da layin kwance da tiyo mai ruwa a ciki, yaro ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, kowa ya sa alama inda ruwan ya tsaya. Layin tsaye kuma da igiya mai nauyi a baki, a tsakiyar bango. Daga nan sai a gwada mahaɗar layukan biyu da awon 3, 4, 5: santimetir 120 a kwance, 160 a tsaye, tsakanin alamun biyu dole a samu 200 cif. In an samu 198 ko 203, to ɗaya daga cikin layukan ya yi ƙarya, a sake.

A ɗauki bango mai faɗin metir 4 da santimetir 20, tsayi metir 2 da 80, irin na falo matsakaici. Idan aka bar baki na santimetir 20 ta kowane gefe, filin zane ya zama 380 a 240. A raba da 20, an sami gidaje 19 a kwance, 12 a tsaye, babu guntu. Bakin nan da aka bari ba ado ba ne kawai, shi ke haɗiye karkatar ɗakin, ido ba ya lura da baki mai faɗin 19 a sama da 21 a ƙasa, amma nan take yake ganin murabba'in da aka datse. Kafin su ci gaba sukan auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ta ɓangarorin biyu. A wannan fili kowanne ya kamata ya ba da santimetir 449 da ɗan ɗoriya. In biyun ba su zo ɗaya ba, filin ya zame.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke sa alamar gidaje. Mai koyo yakan auna 20, ya ɗaga ma'auni, ya sake auna 20 daga alamar da ya yi. Kaurin bakin fensir kaɗai ya isa ya ƙara milimetir 2 a kowane gida, kuma milimetir 2 sau 19 ya kusa santimetir 4, wato gidan ƙarshe ya fito ƙanƙane kamar an matse shi. Su kuwa suna kafa ma'aunin wuri ɗaya su karanta 20, 40, 60, 80 ba tare da sun ɗaga shi ba, kuskuren wani gida ba ya hawa kan na gaba. Layukan kuma da igiya ake buga su, a turbuɗa ta cikin garin shuni, a miƙe ta, a ja a saki. A nan akwai ƙaramin aibi: shuni yana ratso farin fenti ya fito, musamman in an yi shafe ɗaya. Inda za a sa fari ko ruwan ɗorawa mai haske, a ce su yi amfani da fensir ko su goge layin da busasshen tsumma ya dushe kafin fenti.

Da'ira da ƙusa suke yin ta, amma ba da igiya ba. Igiya tana miƙewa, sai ka zagayo ka tarar bakin layi bai haɗu da mafarinsa ba. Siririn katako suke hudawa wuri biyu, ƙusa a rami ɗaya, fensir a ɗayan. Da wannan katakon ake fitar da siffa mai kusurwa shida, don tazarar da ta zana da'ira tana taka gefenta sau shida daidai ta dawo gida. Tauraro mai baki takwas kuma murabba'i biyu ne, an juya ɗaya da digiri 45. Wani lokaci mai gida yakan nace a cika masa bango da siffa mai kusurwa biyar, su kuma su ƙi, kuma ƙin ya dace. Kowace kusurwarta digiri 108 ce, uku sun ba da 324, huɗu sun wuce 360, saboda haka dole a bar giɓi. A siffofi masu gefe daidai da kusurwa daidai, uku ne kawai ke rufe fili su kaɗai ba giɓi: alwatika, murabba'i, da mai kusurwa shida.

Sai dagi, wanda a nan ne ake gane gwani. Ƙa'idarsa ɗaya ce da ta masu ɗinkin babbar riga da masu zayyanar allo: igiya ta bi sama, ta bi ƙasa, ta bi sama, ba ta taɓa hawa sau biyu a jere. Mutum zai tsaya gaban dagin da aka karya wa wannan ƙa'ida ya ji wani abu bai yi ba, ko da bai iya nuna wurin ba. A duk aikin shagon nan da na bi da yatsa ban kama su da wannan kuskure ba. Akwai kuma lissafin da ke ƙarƙashin saƙar da ta cika fili mai kusurwa huɗu, inda layi ke tafiya a karkace yana juyowa duk inda ya bugi gefe. Yawan igiyoyin da za su fito shi ne lamba mafi girma da ke raba gidajen kwance da na tsaye ba saura. Gidaje 19 a 12, ba abin da ke raba su duka sai 1, to igiya ɗaya ce za ta zagaye bangon kakaf ta koma inda ta faro. Gidaje 6 a 4 igiya biyu ne, 12 a 8 igiya huɗu. Amfanin sanin wannan shi ne launi: mai son dagi mai launi biyu, kowace igiya da nata, dole ya zaɓi awon da zai ba da igiya biyu. In ya zaɓi 19 a 12 ya ce sai launi biyu, za a tilasta wa igiya ɗaya ta canza launi a tsakiyar hanya, kuma wurin canjin zai tsaya a ido kamar faci a sabuwar riga. Maigidan shagon ya san wannan, ko da yake ba da sunan lissafin makaranta yake faɗinsa ba, ƙidaya yake yi a takarda.

Irin wannan zane na siffa zalla yana da nasa tarihin a ƙasashen Turai. Mondrian na Holan ya tsaya kan baƙaƙen layuka da ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Josef Albers, Bajamushen da ya koma Amurka a 1933, ya shafe shekaru tun daga 1950 yana zana murabba'i cikin murabba'i, siffar kusan ɗaya ce, launin kawai yake sauyawa, don ya nuna yadda launi ke canza fuska gwargwadon maƙwabcinsa. Yaran shagon suna da hotunan irin waɗannan ayyuka a waya kuma suna nuna wa masu zuwa. Ba laifi a gani, amma a ganina aikinsu ya fi tsayuwa idan suka taso daga dagi da zayyana. Inda suka kwaikwayi na waya kai tsaye, awon yana nan daidai, sai dai bangon yakan fito kamar baƙo a ɗakin, bai san tabarma da labulen da ke kusa da shi ba.

Wajen launi, ƙa'idarsu mai sauƙi ce kuma tana aiki. Launi uku, ba a ba su fili daidai wa daida. Sukan raba kashi 8, 5, 3: mafi sanyi ya ɗauki rabin fili, na biyu ya ɗauki biyar cikin sha shida, mai ƙarfi ya tsaya a uku. A filin 380 a 240, wato murabba'in metir 9 da ɗan kai, wannan ya zama kamar huɗu da rabi, da kusan uku, da ɗaya da rabi da ɗoriya. Ja wur da aka ba rabin bango yana gajiyar da mai zama kafin ya gama shan shayi. Jan nan dai a kashi uku, tsakanin ruwan ƙasa da fari, shi ke riƙe ido.

Inda ake son launi ya tafi daki-daki daga haske zuwa duhu, suna yin abin da masu fenti da yawa ba su sani ba. Idan ka zuba ruwan launi kashi 1, 2, 3, 4, 5 a farin fenti, matakan farko za su yi nisa da juna, na ƙarshe su cunkushe har ka kasa raba na huɗu da na biyar. Ido ninki yake ganewa. Saboda haka suke zuba 1, 2, 4, 8, 16, da sirinji suke auna, kuma suna rubuta awon a littafi. Wannan littafin yana da muhimmanci ga mai gida: a nemi su kwafa maka awon kowane launi a takarda, don ranar da yaro ya karce bango da ƙusa, ba wanda zai iya sake haɗa launin da ido kawai.

Abu biyu suna yaudarar mai zaɓen launi. Na farko maƙwabtaka. Ruwan toka a gefen ja yakan yi kore-kore, a gefen shuɗi ya karkata zuwa ruwan goro, alhali gwangwani ɗaya ne. Chevreul, masanin sinadarai da ya shugabanci marinar Gobelins a Faris, ya rubuta wannan a 1839 bayan masaƙa sun yi ta kukan baƙin zare ba ya baƙi a gefen shuɗi, kuma duk marinin da ya taɓa shanya baƙi kusa da shuɗi ya san zancen. Ja da kore masu ƙarfi ɗaya, in suka haɗa gefe, iyakarsu tana rawa a ido. Shagon kan raba su da siririn layi fari ko baƙi, milimetir 8 zuwa 10, rawar ta tsaya. Na biyu bushewa. Fentin ruwa yana ƙara duhu kaɗan in ya bushe, farar ƙasa kuwa akasin haka, tana yin haske sosai. Kada a zaɓi launi daga cikin bokiti. A ce su shafa a katako mai faɗin rabin metir, a jingina shi a ɗakin da za a yi aikin, a dube shi da hantsi, da azahar, da dare ƙarƙashin ƙwan da ke ɗakin. Suna yin wannan gwajin in an nema, amma ba sa kawo shi da kansu.

Gefen launi da launi yana fita tas a hannunsu, kuma dabarar ba ɓoyayya ba ce. Bayan an manna salatif ɗin takarda, wanda a nan aka fi kira sikoc, sai a fara shafa bakinsa da launin da ke ƙasa. Duk ramin da fenti zai zurara ta ciki, launin ƙasan ya toshe shi. Sannan a ɗora sabon launi, a cire salatif tun fentin bai gama bushewa ba, ana ja a karkace. Salatif ɗin da ya kwana biyu a bangon da rana ke duka, ƙaronsa yana narkewa ya manne, ya taso da fentin ƙasa.

Yanzu ga inda takalmin ke matsi. Sabon shafen siminti yana bukatar kwana 28 kafin fenti, kuma shagon nan, in mai gida ya matsa saboda biki ko salla ta gabato, sukan yarda su hau bango mai kwana goma. Ɗanyen siminti yana da kaifi irin na ruwan toka. Yadda ruwan toka ke mai da mai sabulu, haka yake yi wa fentin mai: ya yi laushi, ya yi danƙo, ya saɓule. Fentin ruwa ya fi jurewa, amma shi ma yana kumbura ya yi fari-fari. Gwajin bushewar bango ba ya cin ko dala: a manna leda mai faɗin santimetir 40 a bango, a rufe bakinta duka, a bar ta ta kwana. In da safe an ga raɓa a ciki ko wurin ya yi duhu, bangon bai shirya ba. Haka kuma sukan tsallake shafen farko mai toshe ƙofofin siminti idan ba a sa shi cikin ciniki ba. Ba tare da shi ba bango yana shan fenti wani wuri fiye da wani, launi ɗaya ya fito kamar biyu, kuma a zanen da duk kyansa ya dogara ga daidaito, wannan ɓarna ce babba.

Gindin bango ma sai an kula. Inda farin gari mai kama da kanwa ke fitowa, damshi ne ke hawowa daga ƙasa da gishiri. Wanke shi da ruwa ƙara masa ƙarfi ne, a kankare shi da busasshen buroshi, kuma a bar santimetir 50 ko 60 na ƙasa da launi ɗaya, zane ya fara daga sama. Gyaran launi ɗaya aikin awa guda ne, gyaran dagi aikin kwanaki.

A fuskar gida kuwa, babban abin da ban yarda da su ba shi ne ɗora zanen siminti a bangon laka. Laka tana shan damshi tana fitarwa, siminti yana kulle shi a ciki, kuma ba sa kumbura su tsuke tare. Bayan damina biyu ko uku sai ka ƙwanƙwasa ka ji holoƙo, daga baya falle guda ya faɗo har da naman bangon. Maginan zamanin da, tun lokacin Sarkin Damagaram Tanimun a ƙarni na 19, da laka suke tayar da zane a kan laka, su rufe da makuba ta ɓawon ɗorawa, ana sabuntawa. Mai gidan ƙasa a Birni ya nemi tsohon magini ya yi yaɓen da tudun, ya kira waɗannan samari su fitar masa da awo kawai. A bangon bulo ba matsala, tudunsu yana tsayawa a santimetir ɗaya da rabi zuwa biyu, siminti kashi 1 yashi kashi 4. Abu biyu za a duba. Saman kowane tudu ya ɗan gangara waje don kada ruwa ya kwanta a kai. Sannan a yi ta yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Kowa ya san wahalar ruwa a garin nan, kuma a nan ne ake yin rowa, sai tudun ya tsattsage tun kafin a shafa masa launi. A sa kuɗin ga-ruwa cikin lissafi tun farko.

Launin waje kuma ba a biye wa ido. Jan ƙasa, ruwan ɗorawa na ƙasa, ruwan ƙasa da baƙi, waɗanda asalinsu tsatsar ƙarfe ce, suna jure rana shekara da shekaru. Ja mai ƙyalli, shunayya da ruwan hoda suna dushewa da wuri, kuma ba sa dushewa tare, to daidaiton da aka auna da sirinji sai ya watse, launin da aka ba kashi uku ya koma mafi rauni a bangon. Fari tas ma ƙurar hunturu tana mai da shi ruwan ƙasa, gara a karya shi da ɗan jan ƙasa tun a bokiti. Bangon gabas, wanda hadari ke duka da iska, shi ya fi bukatar shafe uku. Shagon yana faɗin wannan sau ɗaya, in mai gida ya nace sai su yi masa abin da yake so.

Lokacin aiki yana da tasiri. A Afrilu da Mayu, bangon da rana ta gasa yana busar da saman fenti cikinsa na ɗanye, sai ƙuraje su taso. Inuwa ake bi, bangon yamma da safe, na gabas bayan azahar. Da hunturu kuma a yayyafa wa daɓe ruwa, a rufe taga, in ba haka ba ƙura ta zauna a ɗanyen fenti.

Allunan katako ba su da dogon zance. Zanen yana da kyau, katakon ne wani lokaci ake shafa wa fenti fuska ɗaya kawai, bayansa ya sha damshin damina ya lanƙwashe. A juya allo a duba bayansa kafin a biya, kuma kada kaurinsa ya gaza milimetir 8.

Ciniki da murabba'in metir suke yi, kuɗin yana hawa da yawan launi, don kowane launi kwanansa daban na mannawa da jiran bushewa. Zane mai tudu ya fi tsada. Ba su da arha idan aka gwada da mai fentin unguwa, amma jika ɗaya ko biyu da za a rage a wajen wanda ba ya awo ba ta biyan bangon da za a yi shekaru ana kallonsa a karkace. A tambaya a fili ko fenti na cikin kuɗin. In mai gida ne zai saya, bangon 420 a 280 mai santsi yana cin kamar litir 3 a shafe biyu, duka launukan a haɗe, ban da shafen farko, bango mai kaushi kuma ya fi haka. A tsaya a ga tsarma fentin, ruwa kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Ragowar kowane launi a juye shi a ƙaramar kwalba mai murfi, a cika ta har baki don iska ta ragu, a rubuta awonsa a jiki, a ajiye a ɗaki mai sanyi nesa da rufin kwano.